Wayata na nuna mini abin da ban nema ba, maiɗakina kuma ta ce ruwa ba ya tsami banza

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne mai 'ya'ya uku. Yau kusan mako uku ke nan wayata ta rikice mini. Da na buɗe TikTok ko Facebook ko YouTube sai abubuwan da ban taɓa nema ba su yi ta faɗowa: 'yan mata masu rawa da suturar da ba ta kamata ba, bidiyon tiyata, wani Bature yana yanke wa shanu kofato, wasu ma da yaren da ban san ko na ina ba ne. Ga tallar maganin ƙarfin maza ta ƙi rabuwa da ni. Shekaranjiya maiɗakina tana zaune kusa da ni irin rawar nan ta faɗo, nan take ta canza fuska, ta ce ruwa ba ya tsami banza. Na rantse mata, ba ta yarda ba. Na goge manhajar na sake saukewa, babu abin da ya sauya. Wani abu kuma, mun yi hirar ciwon baya da abokina, washegari sai ga tallar katifa. Shin wayar saurarena take yi? Yara ma sukan karɓe ta su yi kallo. Ina mafita?
Daga wani magidanci.

Wa'alaikumus salam, Malam. Bari mu fara da wadda ba za ta yi maka daɗi ba: maiɗakinka ba ta yi ƙarya ba, ruwa ba ya tsami banza. Inda ta yi gaggawa shi ne da ta ɗauka dalili ɗaya ne tak yake kawo irin wannan bidiyo gaban mutum. Dalilan suna da yawa, wasu daga hannunka suke, wasu daga hannun yaranka, wasu kuwa daga mutanen da ba ka taɓa gani ba. Abin da zai taimake ka shi ne akwai rajista, wato tarihin abin da aka kalla da abin da aka bincika a asusunka, kuma tana cikin wayar nan da ke hannunka. Gardamar da rantsuwa ta kasa rabawa, rajistar za ta iya. Za mu zo kanta, amma sai ka fara sanin wanda yake zaɓar maka abin kallo.

Sunansa algorizim. Kalmar ma daga sunan Muhammad bin Musa Alkawarizmi ta samo asali, masanin lissafin nan da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. Tsarin lissafi ne da ke aiki a manyan kwamfutocin kamfanin, ba a cikin wayarka ba, shi ya sa goge manhaja da sake saukewa bai canza komai ba: da ka shiga da asusunka sai ya gane ka, ya ɗora daga inda ya tsaya. A 2016 injiniyoyin Google sun bayyana yadda na YouTube yake aiki. Matakin farko yana tsamo 'yan ɗaruruwan bidiyo daga cikin miliyoyi, na biyu ya jera su bisa hasashen tsawon lokacin da za ka ɓata a kan kowanne. Riƙe wannan da kyau. Damuwarsa ita ce abin da zai tsayar da kai, ko kana sonsa ko kana ƙinsa. Abin ƙyama da abin sha'awa duk suna tsayar da ido, shi kuwa agogo kawai yake dubawa.

Ga yadda abin yake faruwa. Bidiyon rawa mai daƙiƙa 12 ya faɗo. Ka yi turus, ka ce subhanallah, ka duba sunan mai shafin, sannan ka buɗe wurin sharhi ka ga ko mutane sun yi mata faɗa. Ka karanta guda biyar ko shida, kai ma ka rubuta "Allah ya shirya". Duk wannan lokacin bidiyon yana ta zagayowa a bayan sharhin, ya ƙare ya sake farawa har sau huɗu. A zuciyarka wa'azi ka yi. A lissafin injin kuwa, ga mutumin da ya kalli abu har ƙarshe sau huɗu, ya shiga sharhi, ya kuma tofa albarkacin bakinsa. In ka ƙara da tura shi ga wani don ya ga yadda duniya ta lalace, ka gama sa hannu. Kamfanin TikTok da kansa ya faɗa a 2020 cewa kallon bidiyo daga farko har ƙarshe yana cikin alamomi masu nauyi a wurinsa, ya fi irin su ƙasar da kake ko nau'in wayarka. A Yulin 2021 jaridar Wall Street Journal ta Amurka ta buɗe asusun bogi sama da 100 waɗanda kwamfuta ke sarrafawa, hanyar da suke nuna sha'awa ita ce su daɗe a kan bidiyo ko su maimaita shi. Cikin ƙasa da awa biyu manhajar ta gano inda da yawansu suka karkata, ta yi ta ɗura musu shi.

Akwai ma tsayawar da ba kai ka yi ba. An kira ka, ka ajiye wayar a buɗe, bidiyo ɗaya ya yi ta maimaita kansa na minti goma. Ko barci ya kwashe ka YouTube yana ta jan wani bayan wani har asuba. Ko yaro ya karɓa ya bi ta kan abin da ya ba shi mamaki, ai tiyata da kofaton shanu irin abin da ke kama idon yaro ne. In kuma akwai talabijin a gidan da aka shigar da asusunka na Google a cikinta, duk abin da aka kalla a can a kanka ake rubutawa.

Sai na mutanen da ba ka sani ba. Injin yana haɗa ka rukuni da waɗanda kallonsu ya yi kama da naka. In dubban maza masu irin shekarunka da ke kallon ƙwallo ko gyaran mota suna tsayawa a kan rawa, zai gwada ka da ita ko da ba ka taɓa nema ba. Abokin ɓarawo ɓarawo ne a shari'arsa. Bayanin Google na 2016 ɗin nan ya lissafa shekaru da jinsi da yankin da mutum yake cikin abubuwan da ake ciyar da injin. Ban da haka, da gangan yake jefo maka baƙon abu jefi-jefi don ya ga ko za ka tsaya, kuma sabon bidiyo sai an gwada shi a kan wasu tsirarun mutane kafin a san inda za a kai shi. Wata rana kai ne zakaran gwajin dafin. Baƙon yare kuwa, tambayi kanka ko kana kunna VPN, wato manhajar da ke ɓoye inda kake a intanet, domin tana sa a ɗauka a wata ƙasa kake. Sannan duba jerin shafukan da kake bi a Facebook. Akan sayar da shafi mai mabiya da yawa, ko a sace shi, a canza masa suna da sana'a, sai shafin wasannin da ka bi shekara biyar baya ya wayi gari yana tallar abin kunya, kai kuma har yanzu kana cikin mabiyansa. Wani lokacin ma laifin na kamfani ne tsantsa: a ƙarshen Fabrairun 2025 Meta, mai Facebook da Instagram, ta nemi afuwa bayan wata tangarɗa ta cika wa mutane da dama Reels, wato shafin gajerun bidiyo na Instagram, da bidiyon tashin hankali da jini.

To, rajistar. A TikTok ka shiga shafinka, ka taɓa layuka ukun da ke sama, ka shiga saiti, ka nemi cibiyar ayyuka, a nan za ka ga tarihin kallo na kusan wata shida, da na bincike, da na sharhi. A YouTube tarihin yana ƙarƙashin hotonka, cikakkensa kuma da rana da lokaci yana shafin My Activity na Google. A Facebook akwai rajistar ayyuka a cikin saiti, tana nuna bidiyon da aka kalla da abin da aka bincika da shafukan da aka bi. Sunayen wuraren sukan ɗan sauya in an sabunta manhaja, amma suna nan. Koma baya mako uku zuwa huɗu, daidai lokacin da abin ya fara, ka duba abu biyu: me aka kalla, kuma da ƙarfe nawa. In ka ga jerin katun da tiyata da ƙarfe huɗu na yamma lokacin da wayar take hannun yara, ka samu amsarka. In ka ga alamar so da aka dangwala, ko shafukan da aka bi, ko saƙon da aka aika, kuma babu wanda ya yi a gidan, to wani na da hanyar shiga asusunka. Je sashen tsaro ka duba jerin na'urorin da ke ciki, ka fitar da duk wadda ba ka sani ba, ka canza kalmar sirri, ka kunna tantancewa mai mataki biyu, wato a riƙa neman wata lamba ta daban bayan kalmar sirri kafin a shiga.

Ka lura da bambancin tarihin kallo da tarihin bincike, domin a nan hujjarka take. Na kallo yana ɗauke da har abin da aka jefo maka ka wuce. Na bincike kuwa abin da yatsa ya rubuta ne da niyya.

Shawararmu a kan maiɗakinka: ka duba kai kaɗai tukuna, kada ka goge komai, sannan ka zaunar da ita ku duba tare. Tarihin da aka share tas daren jiya ya fi kowace rawa tayar da zargi. In rajistar ta wanke ka, gani ya kori ji. In kuma ta nuna ka ɗan daɗe a inda bai kamata ba, faɗa mata haka da bakinka, ka ce ido ya tsaya kuma ga abin da za ka yi a kai. Kada ka ɗora wa inji laifin da ka san da hannunka a ciki, mata ba su cika mantawa da irin wannan ba. Ita ma a gaya mata cikin lalama cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma shafin farko na manhaja bai isa shaida a kan kowa ba. In tana son gwaji, ta buɗe nata shafin ta ƙirga abubuwa nawa ne a cikin ashirin na farko ita ta nema.

Yanzu gyara. Fara da sharar tarihi bayan kun gama dubawa. A YouTube gara ka cire bidiyoyin da suka jawo matsalar ɗaya bayan ɗaya, ko ka goge na makonnin da abin ya shafa kaɗai, maimakon share na shekaru gaba ɗaya, don tsohon tarihinka mai kyau shi ne zai ja ka ya mayar kan hanya. Ba duk maɓallan ƙi ne ƙarfinsu ɗaya ba. A Satumban 2022 gidauniyar Mozilla ta fitar da sakamakon binciken da ta yi da mutane sama da 20,000 masu amfani da YouTube. Maɓallin "Not interested", wato ba na so, ya hana kusan kashi 11 cikin 100 na makamantan abin da mutum ya ƙi, alamar babban yatsa ƙasa kashi 12, cirewa daga tarihin kallo kashi 29, shi kuwa "Don't recommend channel", wato kada a sake kawo mini wannan tashar, kashi 43. Ko mafi ƙarfin bai kai rabi ba, amma ka ga inda ya kamata ka sa ƙarfinka: toshe tashar da cire ta daga tarihi, ba dangwala yatsa ƙasa kawai ba.

TikTok da Instagram suna da maɓallin sake lale. Na TikTok ya zo a 2023, yana cikin saiti a sashen zaɓin abin kallo, an rubuta "Refresh your For You feed". Na Instagram an sanar da shi a Nuwamban 2024, shi ma a sashen zaɓin abin kallo, "Reset suggested content". Abu uku mutane ke tuntuɓe da su a nan. Sake lale ba ya cire shafukan da kake bi, don haka ka fara tsefe su, ka sauke duk wanda ba ka gane ba, in ba haka ba su za su sake koya wa injin tsohon karatu. Ba ya kuma taɓa talla. Na ukun ya fi ba mutane haushi: kwanakin farko shafin zai iya fin da muni, saboda injin bai san ka ba, sai ya koma nuna maka abin da jama'a suka fi tsayawa a kai, kai ma ka san irin abin da jama'a ke tsayawa a kai. Waɗannan kwanaki su ne masu hatsari, domin allon a wanke yake, duk abin da ka rubuta zai fito raɗau. Kada ka sake lale da tsakar dare kana gyangyaɗi, kada kuma ka miƙa wa yaro wayar a ranar.

Abin da za ka yi na mako biyu shi ne ka koyar da shi da gangan. Zaɓi fannoni huɗu ko biyar da kake so da gaske, ka rubuta su a wurin bincike, ka kalli bidiyo uku ko huɗu a kowanne har ƙarshe, ka ajiye wanda ya burge ka, ka bi shafuka kamar goma sha biyar zuwa ashirin masu kyau. Minti goma zuwa sha biyar a rana ya isa. In abin ƙi ya faɗo, wuce shi nan take, kafin ka gama gane mene ne. Kada ka buɗe sharhi, kada ka shiga shafin mai shi don ganin ko waye, kada ka rubuta sunan abin a wurin bincike don ka san daga ina ya fito. In ya nace, danna ka riƙe a kan bidiyon a TikTok, ko ka taɓa ɗigo ukun da ke gefe a sauran, ka zaɓi ba ka so, ka toshe shafin. TikTok da Instagram duk suna ba ka damar rubuta kalmomin da ba ka son gani, sai dai matatar tana kama abin da aka rubuta ne a ƙarƙashin bidiyo, wanda ya ɗora rawa ya sa mata taken girke-girke zai zille. Kunna yanayin taƙaitawa na TikTok, ka mayar da ma'aunin abubuwa masu tayar da hankali na Instagram zuwa mafi ƙaranci, ka kashe saitin YouTube da ke kunna bidiyo na gaba da kansa. Facebook da Instagram kuma suna da shafin da ke nuna na waɗanda kake bi kaɗai, bi da bi, wannan ya fi kwanciyar hankali in kana cikin mutane.

Abu ɗaya ba a wuce shi shiru: in ka ga abin da ya shafi cin zarafin yara, kai rahotonsa ta maɓallin ƙorafi na manhajar. Kada ka sauke shi, kada ka tura wa kowa ko da da niyyar faɗakarwa.

Yara kuwa, a raba musu hanya. YouTube Kids na nan tun 2015 don ƙanana, wayoyin Android da yawa kuma suna da damar buɗe wa baƙo ko wani mutum nasa ɓangaren daban. TikTok da Facebook da Instagram duk sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe asusu. Ka tuna hanyar biyu ce: yadda kallonsu yake ɓata maka shafi, haka rawar da ta tayar da hankalin maiɗakinka take faɗowa a gabansu in wayar tana hannunsu. Wannan ma ya fi rigimar taku muhimmanci.

Talla injinta daban. Duk abin da ka ga an rubuta masa "Sponsored" kuɗi aka biya don ya iso gare ka, kuma mai tallar ne ya zaɓi irin mutanen da yake so, misali maza daga shekara kaza zuwa kaza a ƙasa kaza. Tallar maganin maza ba sakamakon gwajin asibiti ba ce, tarun da aka jefa wa duk namiji mai irin shekarunka ne. Taɓa ɗigo ukun da ke kanta ka ga dalilin da ya sa aka nuna maka, ka ɓoye ta, ka toshe mai tallar. A cibiyar asusun Meta akwai wurin da za ka ga kamfanoni da shafukan intanet da ke aika musu labarin ziyararka, kana iya yanke wannan igiya. Google ma tana da My Ad Center, inda ake rage tallar caca da giya da neman abokan soyayya da rage ƙiba. Maganin kansa kada ka kusance shi.

Batun saurare. Shugaban Facebook, Mark Zuckerberg, ya musanta shi a gaban majalisar dattawan Amurka a Afrilun 2018. Ba sai ka yarda da shi ba, domin a shekarar ne masu bincike a jami'ar Northeastern suka gwada manhajojin Android sama da 17,000, ba su samu wadda ke naɗar murya a ɓoye tana aikawa ba, ko da yake sun kama wasu suna aika hoton abin da ke fuskar waya. Abin da ya tabbata shi ne na manhajojin da ake ba umarni da murya: a 2019 ta bayyana cewa Amazon da Google da Apple suna da ma'aikatan da ke sauraren wani ɓangare na abin da aka naɗa. Katifar taka tana da hanyoyi masu sauƙi. Wataƙila abokinka ya bincika ciwon baya bayan kun rabu, ga lambarka a wayarsa, ga shi kun hau intanet ɗaya. Wataƙila kai ka taɓa karanta wani abu a kai ka manta. Ko kuma tallar ta sha wucewa ta gabanka ba ka kula ba sai da hirar ta sa idonka ya kama ta. Duk da haka bincike ba ya cin kuɗi. Daga iOS 14 iPhone tana nuna ɗigon ruwan lemo a sama duk lokacin da makirfo ke aiki, daga Android 12 kuma koren ɗigo ne, har da shafin da ke nuna manhajojin da suka taɓa makirfo cikin awa 24 da suka wuce. Shiga sashen izini ka ƙwace makirfo da jerin lambobi da wurin da kake daga duk manhajar da ba ta buƙatarsu. Ranar da za ka naɗi bidiyo za ta sake roƙonka.

Bayan mako biyu ka ƙirga abubuwa ashirin na farko a kowace manhaja. Ɗaya ko biyu baƙi ba komai ba ne, gwajin nan ne da ba ya ƙarewa. In har rabi abin ƙi ne, koma rajista, akwai wani yatsa da ke tsayawa, ko wata na'ura da ke cikin asusun har yanzu. Shi kuwa Baturen mai yanke kofato, miliyoyin mutanen da ba su mallaki ko akuya ba suna kallon irinsa har ƙarshe ba su san dalili ba. In rajista ta nuna da ƙarfe sha ɗayan dare aka kalle shi, yara sun yi barci, to wannan kam naka ne, Malam, kuma ba sai ka rantse a kansa ba.